Kalmar Ƙarshe ta Ɗan Majalisa Haskett

"Ku matsa, ruwan zafi ne!" in ji Mahala Tibbs, amma ko mutum ɗaya bai gusa ba. Sai da ta zunguri wani mai tumbi da gwiwar hannu sannan ta kai bakin gadon.

Maƙwabcinta ne kwance, Lemuel Haskett, wanda ya daɗe yana wakiltar wannan yanki na Ohio a majalisar Washington. Likita ya ce ba zai kai yamma ba, shi ya sa manyan jam'iyya suka cika ɗakin tun safe, suna tauna taba suna tofarwa, rabi a kasko rabi a darduma. Ba jinya ta kawo su ba. Babban mutum ba ya mutuwa haka nan, dole ya bar kalmar ƙarshe da jarida za ta buga, a ci zaɓe da ita. Matarsa Philena kuwa an zaunar da ita a matakala, wai kukanta na hana yallaɓai tattara hankalinsa.

Leɓensa ya motsa. Ɗaki ya yi tsit, wani ɗan jarida ya lashi bakin fensirinsa.

"Ku kira mini Philena."

"Yanzun nan, ranka ya daɗe," in ji Kanar Purdy, shugaban jam'iyya. "Amma ka fara cewa wani abu kan ƙasa. Ko kan harajin kaya ne ma."

"Kanar, ba ka jin kunya? Matarsa yake kira!" in ji Mahala.

"Uwargida Tibbs, ajiye ruwanki ki koma kicin. Tarihi ake yi."

"Goge tabar gemunka tukuna, sannan ka yi tarihin."

Ita Mahala ba ta taɓa ganin Haskett da gashi ba. Mutum ne mai sumbatar jariran masu ƙuri'a, ya tafi Washington ya bar matarsa da faskaren itace duk hunturu. Amma abin nan ya wuce gona da iri. Ta dire butar, ta kutsa waje wurin Philena.

"Tashi, 'yar'uwa, mu shiga."

"Sun ce in jira."

Ba ta tsaya bayani ba, ta fizgo hannunta. Ƙattin da ke bakin ƙofa kowa na tsoron ya rasa wurinsa, ba wanda ya kauce. Kafin su ratsa, rai ya yi halinsa, huluna sun sauka daga kawuna, Kanar kuma ya riga ya gyara murya.

"Ku shaida, kalmarsa ta ƙarshe: 'Ku riƙe ƙasa, ku riƙe jam'iyya.'"

Fensir ya kama aiki. Duk wanda ke ɗakin ya ji abin da mamacin ya faɗa, duk kuma suka gyaɗa kai.

"Bai ambace ni ba?" in ji Philena.

"Ranki ya daɗe, ƙasa ce a ransa har ya cika. Ki yi alfahari."

Suka fice suna gardamar wanda zai riƙi gaban akwatin gawa. Mahala ta dafa kafaɗarta.

"Ƙarya yake. Ke ya kira, da kunnena na ji."

Philena ta yi ɗan murmushi. "Haba Mahala, ba sai kin lallashe ni ba. Na san mijina."

Ta ciro farin hankici daga hannun rigarta, ta zagayo da shi ta ƙarƙashin haɓar mamacin, ta ɗaure a saman kansa a hankali, don kada bakin ya zauna a buɗe.