Kankare a Randar Riskuwa

Ranar wata Talata cikin Agustan 1984, kwalbati ya rufta da motar shinkafa a hanyar Argungu zuwa Augie. Direban ya rasa ƙafa ɗaya. Takardar da ta ce kwalbatin yana da ƙarfi, ni Dikko na sa mata hannu.

Aikina a ɗakin gwaji na Birnin Kebbi shi ne murƙushe kankare. Idan ɗan kwangila ya kwaɓa siminti, sai a ɗibar mana kaɗan a ƙananan akwatuna. In ya daskare mu jiƙa curin a ruwa kwana ashirin da takwas, sannan mu sa shi a inji mu matse har ya fashe. Littafi ya ce kada zafin ruwan ya wuce digiri ashirin da bakwai. Wanda ya rubuta littafin bai taɓa zuwa Kabi a watan Afrilu ba. Tankinmu na ƙarfe ne a ƙarƙashin kwano, kafin azahar ruwansa ya isa wankan jego.

Na kai ƙorafin gida. Matata Riskuwa tana tankaɗe, ta tuntsire da dariya.

"Malam, duk karatun ga naka, ruwan sanyi ya gagare ka? Kawo 'yan duwatsun naka."

Ta binne randuna uku cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin dogon yaro. Na tsoma ma'auni, ya nuna ashirin da shida. Safe da yamma take ƙara wa yashin ruwa.

"Baƙinka sun sha, Malam. Saura maigidan, in yana da lokacinmu."

Ranar gwaji, curin kankaren kwalbatin nan ya jure matsi fiye da yadda ake nema. Shugabana, Injiniya Anselm, har hannu ya ba ni.

Bayan hatsarin aka kafa kwamiti. Suka ɓalli kankaren kwalbatin, yana marmashewa a hannu kamar ƙuliƙuli. An zuba shi a tsakiyar zafi, ba a shayar da shi ba ko na kwana uku. Shugaban kwamitin ya tambaye ni inda na ajiye curin gwaji. Na faɗa. Sai da suka gama dariya sannan suka rubuta cewa ma'aikaci ya yi gwajin gwamnati a randar matarsa. Ɗan kwangilar ya sami wani aikin a Sakkwato, ni na sami takardar sallama.

Na shiga gida na aje takardar a kan tabarmarta.

"Ga ladan dabararki."

Ba ta iya karatun boko ba, amma ta fahimta. Ta daɗe tana kallon takardar.

"Ni na ce ka kawo su, Malam. Ban musa ba."

Washegari ta ce za ta je Argungu wurin yayanta Labbo ta huta kwana biyu. Ban hana ta ba. Na ce wa kaina zan bi ta in zuciyata ta huce, na zauna ina karatu. Ina da littattafai da yawa, sun ɗauke ni mako bakwai.

Zazzaɓin kwana uku ta yi. Saƙon Labbo ya zo ta hannun direban tasha, na isa Argungu an dawo daga maƙabarta.

Ruwan randarta daidai yake, ko yau aka sake gwajin haka za a samu. Abin da na ɓoye wa kwamiti, kuma ban samu na faɗa mata ba, shi ne: Riskuwa, sau biyu na je wurin aikin, na ga kankaren a bushe yana tsagewa, na dawo na sa hannu.