Ragar da Aka Auna da Kan Gafiya

Shagona na ɗinki yana fuskantar shagon Mai Dusa, mai sayar da abincin kaji. Kwalta ce kawai tsakaninmu, saboda haka ko tari ya yi sai na ɗaga kai. Mutumin ba mugu ba ne, amma zargi ya yi masa katutu. In ka gaishe shi sau biyu a yini, sai ya shafa aljihunsa.

Shekara da shekaru gafiyoyi ne ke mulkin ɗakin ajiyarsa da ke bayan shagon. Manya ne, masu jela kamar igiyar guga, har magen layinmu in ta hango su sai ta tuna tana da wani aikin. Bara dai ya gaji. Ya zuba guba, ya daɓe ƙasa da siminti, sannan ya ɗauki mushen gafiya guda a leda ya kai wa mai walda, ya ce a yi masa ragar taga da ta magudanar ruwa yadda wannan kan ba zai wuce ba. Mai walda ya toshe hanci, ya auna, ya ƙera. Daga ranar ba a sake ganin gafiya ba.

A watan ne kuma Mai Dusa ya ɗauko ƙanen matarsa ya ba shi riƙon ɗakin ajiyar. Dogo muke ce masa. Magidanci ne mai sanyin hali, masaƙar da yake aiki ce ta rufe, ya zo ya kama wannan da hannu biyu. Kullum kafin kowa ya buɗe, ya share ɗakin tas, ya jera buhuna a jikin bango kamar masu jiran a ɗauke su hoto.

Ba a jima ba masu kaji suka fara ƙorafi. Buhu ga shi a ɗinke, amma in an ɗaga sai a ji ya yi sako-sako.

Wata rana da hantsi Mai Dusa ya tsallako, ya zauna a bencina, ya yi ƙasa da murya.

"Tela, ɓarayi masu ƙafa huɗu na gama da su. To wa ya rage?"

"Ka duba ɗakin da kyau?"

"Ko kashin ɓera ɗaya babu a ƙasa. Ɗaki fes kamar asibiti. Mutum ba ya irin wannan sharar sai in akwai sawun da yake gogewa."

Na ce masa zato zunubi ne. Ya ce ya sani, shi ma ba zato yake yi ba, lura yake yi, kuma tunda idona na kan titi in taya shi.

Abin haushi da zargi, yana yaɗuwa kamar mura. Ni da na yi masa wa'azi, washegari na tsinci kaina ina kallon aljihun Dogo. In ya fito da ƙunshi a hannu, sai ƙafata ta tsaya a kan keke. Da ya sayi sabon takalmi, mai shayi ya kalle ni, na kalli mai faci, ba wanda ya ce uffan amma an gama magana. Shi kuwa bawan Allah yana bi yana gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, har yana tambayata ciwon bayana. Abin yana damuna, don na san in wannan suna ya manne masa, ba aikin kaɗai zai rasa ba. Ba wanda zai sake ba shi ajiyar ko tsintsiya a garin nan.

Mai Dusa ya ɗaura zare a ƙofa, ya yi wa buhuna alama da alli, ya sauya kwaɗo har ya gaji. Zare bai tsinke ba, alli bai goge ba, buhuna kuma ba su fasa ramewa ba. Maimakon hankalinsa ya kwanta, sai ya ce lallai ɓarawon gwani ne, kuma da ɗan gari akan ci gari.

Ranar da ya yanke shawarar kama shi, ya kira ni da mai shayi da mai faci, wai mu taya shi fito da kaya a auna. Shaidu yake so. Dogo ya naɗe hannun riga da murnarsa, shi a tunaninsa gyaran ɗaki za a yi. Ana cikin haka wata tsohuwar malamar kimiyya da ke kiwon kaji tun da ta bar koyarwa ta zo sayayya, ta tsaya jira a bakin ƙofa.

Layin gaba lafiya lau. Da Dogo ya janye buhun farko na jikin bango, sai bangon ya motsa. Wallahi haka na gani. Ɓeraye ne, ƙanana ƙwarai, ba su fi babban yatsana ba, suka kwasa sama a guje. Wasu suka shige silin, wasu suka bi ta ragar taga ba tare da ko gashinsu ya taɓa ƙarfen ba. Bayan kowane buhu a huje yake, ga kashinsu jibge a lungun da tsintsiya ba ta kaiwa.

Mai Dusa ya yi tsalle ya hau sikeli. "Wa ya kawo min waɗannan?"

Malama ta yi dariya har tana riƙe ƙofa. "Ba wanda ya kawo su. Tun kana da gafiyoyi suna nan a samanka."

"Ban taɓa ganinsu ba!"

"Ina za ka gan su? Abincin ɗaya ne, masu ci iri biyu. Gafiya ta fi ƙarfi, ta riƙe ƙasa. Duk ɓeran da ya yi jiki, ko ya ce sai ya ci a ƙasa, ta kore shi ko yunwa ta kashe shi. Wa ya rage ya haihu? Ɗan mitsitsin da ya iya hawa bango, ya ƙoshi da ɓarɓashi. 'Ya'yansa suka ɗauko shi, jikokinsa ma haka, kuma ɓera ba ya wasa da haihuwa. Gafiya ce ta tace maka su. Sai ka kashe ta, ka bar musu gida."

"To ragar fa?"

Mai faci ya ce, "Ai da kan gafiya aka auna ta."

Malama ta ce, "To ai ga shi, gafiya ba ta shiga ba."

Kowa ya fashe da dariya, har da Dogo, yana karkaɗe dusa daga gashinsa. Ni dai wani sanyi na ji a raina, na ce Allah ya rufa asiri, magana ta mutu ba tare da an furta ta ba. Ban san Mai Dusa bai gama ba. Ya sauko daga sikeli fuskarsa a sake, ya dafa kafaɗar Dogo, da zuciya ɗaya kuwa.

"Alhamdu lillahi. Ashe ba kai ba ne."

Dogo bai daina murmushi nan take ba. "Ba ni ba ne me, Yaya?"

 Ya dubi Mai Dusa, ya dubi sikelin, sannan ya bi mu da kallo. Mai shayi ya sunkuyar da kai. Mai faci ya shiga neman wani abu a aljihunsa. Da ya iso kaina na so in riƙe idonsa, na kasa.

Ya sauke buhun da ke hannunsa a hankali, ya jingina shi yadda ba zai zube ba.

"Yayata ma ta san da wannan maganar?"

 Can Mai Dusa ya ce, "Ita ta ce a auna a gaban mutane."