Mangalar Baba Madu

Wata bakwai na shafe ina rubuta tarihin rayuwata da biro, a gindin dalbejiyar ƙofar gidana, cikin littattafan 'yan makaranta guda huɗu. Na yi ritaya daga koyarwa, gwiwa ta hana ni gona, sai na ce bari in bar wa jikoki wani abu. Da na gama, na miƙa wa ɗana Ziyad, da ke aikin ofis a Kano, ya buga min a kwamfuta. Ran Asabar ya kawo takardun fes a ambulan, har da ƙamshin turarensa.

Ina buɗe babi na biyu, babin mahaifina Madu, sai na ga ɓarna. Shafi tara na rubuta. Yadda Baba ke ɗora wa jaki itace daga ƙauyenmu da ke bayan Dawanau ya kai birni, ya dawo da mangala shaƙe da takin juji: toka, kashin awaki, ruɓaɓɓiyar shara, har da abin da ba a faɗa ana cin abinci. Yadda tsutsa ke bin ƙafar jakin, yadda warin ke riga shi shigowa gida. Gonarmu ba ta fi filin ƙwallo ba, kuma nan wajenmu gona ba ta hutawa ko shekara guda, in ba taki sai ƙasa ta mutu. Da takin nan muka ci, da shi na yi boko. To duk Ziyad ya share, ya maye gurbinsu da layi ɗaya tal: "Marigayi Alhaji Madu ya yi fataucin kayan gona tsakanin Kano da Dawanau."

Alhaji! Mutumin da ko tashar jirgi bai taɓa gani ba.

Na ce, "Kai, wane ne wannan Alhajin? Ni ban san shi ba."

Ya sosa ƙeya. "Baba, surukaina za su karanta fa. 'Ya'yana su Aisha Humaira ma a makaranta... ka san yara da tsokana. A ce kakan babansu kwasar juji yake?"

"Tuwon da ya gina maka wannan wuyan, daga ina ka ɗauka ya fito? Daga kanti?"

Tir! Na dube shi, farar shadda, takalmi na sheƙi, yana yatsine hanci kamar warin ya biyo takarda. Wallahi ƙyamarsa na ji, ɗan cikina. Na ce ko ya mayar da shafukan nan tara ko ya ba ni littattafaina. Na suri ambulan na nufi gidan yayata Kaltumi, don ita kaɗai ta rage da ta san Baba, kuma bakinta ba ya da linzami. So nake ta wanke min yaron nan tas.

Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na karanta mata layin Ziyad, sannan na zayyana mata abin da ni na rubuta, ina huci. Ba ta ɗago ba.

Ta ce, "Shi ke nan abin da ka rubuta?"

"Me ya rage, Yaya? Har sunan jakin na sa."

"Ranar ƙofar kwaleji fa?"

Ta watsar da ɓawon da ke cinyarta.

"Au, ka manta? Bari in tuna maka, malam mai tarihi. Kana aji biyu a kwalejin horon malamai. Inna ta soya maka ƙuli-ƙuli, Baba ya biya ya kai maka a hanyarsa ta dawowa, mangala cike. Ka fito da abokanka, suka toshe hanci, ɗaya ya ce wane ne wannan. Me ka ce musu?"

Ban manta ba. Shekara hamsin ina zagaye wannan rana kamar yadda ake zagaye kashi a hanya. Cewa na yi, ɗan ƙodagon gonarmu ne. Na karɓi ƙullin da yatsa biyu, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Amma duk zatona a hankali na faɗa, kuma ya riga ya juya.

Na ce, "Ai bai ji ba."

"Bai ji ba? Hashimu, ni ya samu a bakin rijiya da ya dawo. Ya ce in ba shi sabulu. Ya dirje jikinsa har sau uku, fata ta yi ja, yana tambayata ko har yanzu yana wari. Sannan ya ce kada in gaya wa Inna, kada kuma in taɓa gaya maka. Ya ce kai yaro ne, kuma ba ka yi ƙarya ba, ai ƙodagonka yake yi." Ta ja tsaki. "Ka taɓa ganin ya sake zuwa makarantar nan? Kullum aike. Kai kuma ka ji daɗi. Yanzu ka zo min da kumfar baki wai Ziyad ya goge shi. Shi ko banza Alhaji ya mai da shi."

Shafi tara na cika da tsutsa da wari, ina taƙama ni mai gaskiya ne, ashe ƙazantar da ta fi duka na tsallake, don tawa ce.

Ziyad na nan cikin motarsa a ƙofar gida da na koma, ya rufe gilashi. Na ƙwanƙwasa.

"Ka mayar da shafi tara. Kuma akwai na goma, yanzu zan rubuta."

Ya ce, "Baba, na me kuma?"

"Za ka karanta kafin surukanka."

Na karɓi littafi na huɗu a hannunsa, na zauna gindin dalbejiya na buɗe inda ya rage fili. Na rubuta: Sunan mutumin da ya zo ƙofar kwaleji da jaki Madu, kuma ubana ne. Na karanta shi da ƙarfi yadda kowa zai ji, har mai babur da ke wucewa ya waiwayo. Wanda nake so ya ji, shekararsa talatin da ɗaya a ƙasa.