Makullin Motar Yashe Shadda

Ana dab da Kirsimeti manyanmu na Washington suka yi faɗa a kan kuɗin gina katanga a iyakarmu da Mekziko. Wasu suka ce sai an gina, wasu suka ce ko bulo ɗaya. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai suka rufe gwamnatin gaba ɗaya. Mu da ke zaune a bakin iyakar, a nan yammacin Texas, ba wanda ya tambaye mu. Da sun tambaya da mun nuna musu duwatsun bakin kogi, waɗanda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau.

Mijina Eusebio, wanda kowa ke kira Chebo, ma'aikaci ne a gandun dajin gwamnati da garinmu ke ci a jikinsa. Banɗakunan masu yawon buɗe ido ne aikinsa. Ya wanke, ya gyara, in rami ya cika ya zo da motar yashe shadda ta zuƙe. Ranar da aka rufe gwamnatin, aka raba ma'aikata gida biyu, na dole da waɗanda ba dole ba. Na dole su ci gaba da aiki ba albashi, sauran su koma gida, su ma ba albashi. Chebo ya shigo da tsakar rana ya rataye makullin motar a ƙusar gefen firij, makullin ya bugi na shagona da ke rataye a wurin suka yi 'yar ƙararsu. Da wannan ƙarar nake sanin ya dawo kullum.

"Herlinda," ya ce, "wai ni ba dole ba ne."

"Ai da ni suka tambaya, da sun huta da bincike. Zauna ka ci abinci, tsoho."

Shagona yana bakin ƙofar gandun, tamale nake turarawa ina sayarwa, ƙullun masara da nama a naɗe cikin ɓawonta. Sanyi ne kakarmu. Abin da na samu tsakanin Kirsimeti da makonnin bayan sabuwar shekara shi ke riƙe shagon har zafi ya zo ya wuce, don da zafi ko ƙadangare ba ya zuwa yawon buɗe ido.

Da farko abin ya yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. An bar ƙofar gandun a buɗe, ba mai karɓar kuɗin shiga, jama'a suka yi ta kwarara. Na yi cinikin da ban taɓa yi ba, har na fara addu'ar Allah ya ƙara raba kan 'yan majalisa. Sai dai duk abin da ya shiga ta shagona, ta wajen aikin Chebo yake fita.

Wynona Tackett ce jami'a ɗaya tilo da aka bari a ɓangarenmu, ita ta dole ce. Ta zo shago ta cire hula ta ce, "Herlinda, in banɗakunan nan suka ci gaba a haka, sarƙa zan sa wa ƙofar gandun. Ba son raina ba ne."

Ni da Dwight mai masaukin baƙi muka ɗauki bokiti da burushi. Chebo ya biyo mu, hannu a aljihu. Doka ta ce ma'aikacin da aka mayar gida ba ya taɓa aikin gwamnati ko da kyauta ne, in ya taɓa a bakin aikinsa. Sai ya je ya tsaya gaban wata bishiyar ƙaya, ya juya mana baya.

"Ni da bishiyar nan nake magana," ya ce. "Bishiya, in ni ne ke, ba zan haɗa farin maganin nan da shuɗin ba, sai dai in suma nake sha'awa."

Dwight ya ajiye shuɗin. "Bishiya ta ji, ta gode."

Haka muka yi ta yi, muna wanki yana yi wa bishiya nasiha. Bango ya yi fes, ƙasa ta yi fes. Amma wanki ba ya rage rami. Dwight ya kira wani kamfani a birni mai irin motar, suka ce sai da izinin shiga, ofishin ba da izinin kuma a rufe yake. Mota ɗaya ta rage a duk yankin, makullinta yana gefen firij ɗina.

Na fara da lallashi, na koma mita.

"Wa zai gan ka, tsoho? Ka shiga ka zuƙe ka fito."

"Motar da ake jin warinta daga Mekziko? Ai ba sai an gan ni ba."

"To ka zauna ka yi ta kallon makulli kamar hoton uwarka. In aka sa sarƙar nan shagona ya tafi, ka sani."

"Na sani," ya ce. Ya ci gaba da cin wakensa.

Haushinsa na ji sosai. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana kwasar abin da ba a faɗa ba tare da ya yamutsa fuska ba, yau doka ce ta fi ƙarfinsa.

Da Wynona ta aiko cewa gobe ne za ta sa sarƙar, ban ma yi masa magana ba, na gaji. Washegari da safe na fito na tarar da shi cikin kakinsa, an goge shi tas, makullin yana kan tebur, yana ɗaura igiyar takalmi.

"Ina zuwa?"

"Zan je in gaishe da bishiya."

Na ce to. Na buɗe firij in ɗauko madara, idona ya sauka a kan 'yan kwalaben allurar ciwon sukarinsa, a jere a ƙofa inda suke zama. Inshorar aikinsa ce ke biyansu. Ba aiki, ba inshora, ba allura, ko tamalen Texas gaba ɗaya zan sayar. Na juyo na ga har yanzu igiyar takalmi ɗaya ta gagare shi ɗaurawa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Na ɗauke makullin na jefa cikin ƙirjin rigata.

"Herlinda, ke fa kika ce."

"Ni na ce, ni kuma na fasa. Cire kayan nan kada su yamutse."

Kafin la'asar sarƙa ta hau ƙofa. Motocin baƙi suka bi layi suka fice, wasu har da ɗaga mana hannu. Gari ya yi tsit. Tamalen da na riga na naɗe muka yi ta ci safe, rana, dare, har da Wynona, wadda ke gadin sarƙarta ba albashi. Da na ga ba abin da zai kai shagon bayan zafi, na kwashe tukwanena na mayar wa mai ginin da nake haya makullin shagon. Ban yi kuka a gabansa ba, sai da na shiga mota.

Can dai manyan suka gaji, suka buɗe gwamnati. Katanga ko bulo ɗaya ba mu gani ba. Wanda aka fara kira a waya kuwa Chebo ne, don ba a cire sarƙa sai an yashe ramukan. Aka biya shi duk kwanakin da ya zauna a gida, har da na hirar bishiya. Na tambayi Wynona ko akwai ofishin da ke biyan tamalen da ba a sayar ba, ta ce ba ta taɓa jin labarinsa ba.

Ranar da ya koma aiki ina kicin da yamma ina yanka albasa, sai kawai na ji an taɓa kafaɗata har na zabura.

"Yaushe ka shigo?"

"Tun ɗazu," ya ce.

Na dubi ƙusar. Makullinsa yana rataye shi kaɗai, ba abin da zai buga.