Almakashin Kawu

Ɗakin taron otal ɗin sanyi gare shi kamar cikin firji, ga shi an karɓe wayoyin kowa an zuba a kwando a bakin ƙofa, wai don hankali ya tsaya wuri ɗaya. 'Yan jarida aka tara ana koya musu yadda ake ɗauko labarin rikici ba tare da an ƙara hura wutar ba. Rabinsu dai abincin rana ne ya kawo su. Amma Auta, wadda ta samu sunan don ita ce ƙarama a ɗakin labarai na gidan rediyonsu, da gaske ta zo, kuma da ɗan jin kanta ta zauna a layin gaba.

Dalili kuwa, da tsakar ranar nan za a saka rahotonta kan ƙone kasuwa. Duk unguwarsu an haƙiƙance mutanen tsallaken gada ne suka cinna wutar. Ita kuwa ta samo wanda ya gani da idonsa cewa samarin unguwarsu ne suka fara. Wannan shaida ba kowa ba ne illa kawunta, ƙanin mahaifiyarta, mai shagon aski a bakin kasuwar. Da fari ya ƙi fir, ya ce shi da kawunan mutane yake cin abinci, ba zai sa nasa a kasuwa ba. Ta yi magiya, ta yi rantsuwa za ta jirkita muryarsa yadda ko 'yar'uwarsa ba za ta gane shi ba. Ta kuma cika alkawari, don muryar ta fito kamar ta mai magana daga cikin tulu.

Mai koyarwar tsohuwar 'yar jarida ce, mai furfura, wadda dariya ba ta dame ta ba. Bayan hutun shayi ta kunna musu wata tsohuwar hira da aka yi da wata mata, ita ma an sauya mata murya. Ta ce su rufe ido, su bar abin da matar ke faɗa, su saurari abin da ke bayanta. Wani ya ce ya ji yara. Wani ya ce injin niƙa.

"Murya kam an ɓoye ta," in ji mai koyarwar. "To injin niƙa nawa ne a unguwar?"

Ta ce kafin mako ya zagayo matar ta kwashe 'ya'yanta ta bar garin, injin ma aka farfasa shi.

Nan take Auta ta tuna da tata hirar. Kawu bai iya magana hannu sake ba. Ko babu kai a gabansa, almakashinsa na ta ƙyas-ƙyas a iska, har yaran unguwa na kwaikwayonsa. Ta ji ƙarar lokacin da take tace hirar, ta ma burge ta, ta ƙara mata ƙarfi don rahoton ya yi armashi. Kuma mai aski ɗaya ne ƙofarsa ke kallon kasuwar.

Ta miƙe ba ta nemi izini ba, ta hau birkita kwandon. Wayoyin duk baƙaƙe, duk kama ɗaya, da ƙyar ta gano tata. A baranda ta kira editansu. Ya ɗauka yana tauna wani abu, ya ce ta ba da tukuici, don rahoton ya yi kyan da ba zai jira tsakar rana ba. Tun da safe ya saka shi, ya kuma ɗora a shafin tashar, mutane sai turawa juna suke yi. Ta roƙe shi ya sauke. Ya daina tauna, ya ce zai sauke, amma abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba shi da ikon ƙwato shi.

Ta kira Kawu. Sai da wayar ta kusa tsinkewa ya ɗauka.

"Uwata, ya karatun?"

"Kawu, don Allah rufe shagon ka tafi gidanmu. Yanzu."

"Ai ina da baƙi," ya ce a hankali. "Samarin unguwa ne. Tun ɗazu suka cika min benci."

"Aski suka zo?"



"To, har yanzu dai ba wanda ya hau kujera. Ki gaida min mamanki."

Daga cikin ɗakin taro aka fara tafi, wani ya leƙo ya ce ta zo za a ɗauki hoto. Ba ta motsa ba. Ta ƙara manna wayar a kunne, ta yi abin da aka koya mata ɗazun: ta bar muryar, ta saurari bayanta. Babu rediyo, babu hirar ƙwallo, babu dariyar masu jiran layi. Tun tana ƙarama take jin maganar Kawu, yau ne karon farko da ta ji ta babu ƙarar almakashi.