Rigar Siminti a Bangon Hamadu

Na ƙwanƙwasa bangon da sandata. Ya amsa kamar ƙwaryar da babu komai a ciki.

"Ka ji?" na ce wa Hamadu.

"Na ji hassada, Malam Dawuda," ya ce, yana dariya.

Hamadu maƙwabcina ne a unguwar Yalwa, cikin Garwa. Goro yake sayarwa. Ni na gina masa ɗakin nan da ƙasa, shekara talatin ke nan. Abin da ɗakin yake so kawai a sake masa yaɓe kafin damina. Sai surukinsa ya yi gidan bulo, Hamadu ya fara jin kunyar ƙasa. Ba shi da ƙarfin rushewa. Ya kirawo wani mai aikin siminti, Célestin, ya shafe bangon ciki da waje, ya ja layuka da bakin wuƙa don a ɗauka bulo ne. Aka yi fenti shuɗi. Shekara biyu yana zama a ƙofa don a gan shi.

"Ƙasa tana numfashi," na ce. "Ka toshe mata hanci. Ruwa yana shiga ta tsagar nan, ba ya fita. Ka ɓare wannan rigar, ko ka bar kwana a ciki."

"Zamaninku ya wuce, tsoho. Baƙi su zo su same ni a ɗakin awaki?"

Matarsa Hindu ta leƙo daga madafa. "Malam, ka ƙara yi masa magana."

"Na yi," na ce. Ba na maimaita wa mai furfura magana.

A watan Agusta aka kwana uku ana ruwa. Rana ta huɗu, bayan azahar, Hamadu ya shiga ɗakin ya kishingiɗa. Ina kan tabarmata na ji faɗuwar bangon. Ko ƙara mai yawa ba ta yi ba. Da hannu muka tono shi, ƙasar ta zama kunu. Kafin a samo mota ya cika.

A wurin gaisuwa Célestin ya girgiza kai. "Ginin ƙasa ke nan, ba shi da amana."

Masu gaisuwa suka gyaɗa masa kai. Rabinsu a ɗakunan ƙasa da na gina aka haife su. Na yi wa mamacin addu'a, na ɗauki takalmana.

Simintin gefen ƙofa bai faɗi ba. Yana nan tsaye, kaurinsa bai fi yatsa ba, shuɗi, da layukansa a miƙe. Da safe rana takan ratso ta tsagar, ta sauka inda gadonsa yake a da.