Buhun Garin Inna Jolán

Akwai yabon da ya fi zagi ɓarna, kuma shi aka yi wa Etelka.

Ta rubuta labari a kan matan ƙauyenmu lokacin yaƙi, sa'ad da maza ke bakin daga. Wani mai sharhin littattafai a Budapest ya yaba shi a jarida, ya ce a ƙarshe an samu mai ƙarfin halin tona rowar matan karkara, masu ɓoye gari sojojin ƙasa na yunwa. Ba wadda ta karanta littafin. Jaridar kuwa ta zaga gida-gida.

Kowa ya san wadda ta ɓoye garin. Inna Jolán ce, kuma a teburin gidanta mata ke taruwa lokacin sanyi suna tsige gashin tsuntsun dinya na cusa matashin kai. Aka daina kiran Etelka. A ƙauyenmu, macen da ba ta da kujera a wannan tebur ba ta da kowa, ko da sunanta na jarida.

Ran nan da yamma Etelka ta je gidan ba gayya, littafin a hammata.

"A'a, ga marubuciya!" in ji Inna Jolán. "Rufe ƙofa kar iska ta kwashe mana gashi. Wata rowar kika zo leƙe?"

"Inna, ku saurara tukuna, sannan ku kore ni."

"Karanta. Hannunmu ke aiki, ba kunne ba."

Etelka ta karanta a tsaye. Ta karanta yadda masu ƙwace abinci don sojoji suka zo, matar da ke labarin ta kwanta a kan buhun garinta tana nishin naƙuda, alhali ta haura hamsin. Ta karanta yadda aka riƙa auna garin nan da cokali, ana kai wa gidajen da ke da yara har dusar ƙanƙara ta narke. Wannan shafin mai sharhin bai ambata ba. Ya ɗauki abin da ya zo nema, ya bar saura, kuma wannan rashin amana ne, ko da da alƙalami aka yi shi.

A wannan tebur ba a dariya, don numfashi kaɗan ke watsa aikin yini. Inna Jolán ta toshe baki, ta kasa riƙe dariya. Gashi ya tashi har rufi, ya sauko wa kowa a ka.

"Ja'ira, ƙarya kika yi! Ba naƙuda na ce musu ba, zazzaɓi mai yaɗuwa na ce. Wa zai yarda da naƙuda a wannan fuskar?"

"To in gyara, Inna?"

"Bar shi, naki ya fi daɗi. Shi kuma mutumin jaridar, ya taɓa auna gari da cokali?"

Ta jawo kujera da ƙafa, ta turo kwanon dafaffiyar masara.

"Zauna. Ke kika watsa gashin nan, ke za ki tsince. In kin gama, ki koma mana farko."